Babi na Bakwai: Kimiyya ta Kunne a Ƙasar Adar

Wanda ya bar babbar hanya a Madawa ya yi arewa, ya ratsa Buza ya nufi Keita, zai ga da idonsa abin da littafin ilimin ƙasa ke cinye shafuka yana ƙoƙarin kwatantawa. Ga tuddai masu shimfiɗaɗɗen kai, baƙar tsakuwa ta rufe su. Ga gangare da ruwa ya tsattsaga, ga kwari a ƙasa inda gero da dawa da albasa suke. A jikin gangaren akwai farin dutse, a cikin dutsen kuma akwai ɓawon halittun teku da suka sandare, don kuwa shekaru kamar miliyan 60 da suka wuce teku ne kwance a wannan wuri. Irin wannan farin dutse ake ƙonawa a Malbaza a yi siminti. Yaron da ke kiwon awaki yakan tsinci ɓawon nan, ya jujjuya shi, ya jefar. In Allah ya sa ya shiga kwaleji, wata rana malami zai rubuta ma'anar irin wannan dutse a allo da Faransanci, yaron ya kwafe, ya haddace, ya ci maki, ba tare da ya taɓa gane cewa abin da ya jefar a kiwo ake nufi ba.

Ba laifin malamin ba ne. A yawancin kwalejojin karkara babu ɗakin gwaji, littafi ɗaya yara da yawa ke rabawa, wasu azuzuwan ma na zana ne, kuma dole a ƙare manhaja kafin jarrabawar BEPC. Malami na da allo da alli da muryarsa. Abin da ya ƙaru a 'yan shekarun nan shi ne salula a aljihunsa, wadda ke iya ɗaukar murya ta adana ta. A kan wannan ƙaramin abu maganar fodkas ta tsaya.

Fodkas shirin murya ne da ake yi kashi-kashi, a ajiye, mai so ya sauke ya saurara lokacin da ya ga dama, ya maimaita in bai gane ba. A Turai da Amurka ta intanet yake yawo. A Adar ba sai da intanet ba: katin memori, Bluetooth, Xender da WhatsApp sun isa, kuma ta nan ne wa'azi da waƙa da wasan kwaikwayo suke bi tun tuni. Shirin minti 10, in aka matse shi daidai da bukatar muryar mutum, bai kai mega 3 ba, alhali bidiyo mai wannan tsawo yana ninka haka sau da yawa. Ba a kuma bukatar koya wa kowa sauraro. Adarawa mutanen ci-rani ne, kuma tun zamanin kaset wanda ke Abijan ko Legas yakan ɗauki muryarsa ya ba mai zuwa gida, iyali su taru su ji. Yau saƙon murya na WhatsApp ya gaji kaset, har tsohuwar da ba ta san baƙi ba ta san inda ake dannawa.

Nijar ba baƙuwa ba ce a wajen koyarwa ta na'ura, kuma tana da darasi biyu da suka saɓa wa juna. A 1962 aka kafa ƙungiyar kulob-kulob na rediyo. Mutanen gari kan taru a saurari shiri tare, a tattauna, mai jagorantar zaman ya ɗauki muryoyinsu a faifai ya aika Yamai, abin da suka faɗa ya shiga shiri na gaba. Manomi yakan ji muryar ɗan'uwansa manomi a akwatin rediyo. A 1964 kuma aka fara talabijin na makaranta da taimakon Faransa: ana shirya darasi a Yamai, da Faransanci, a watsa wa yaran firamare. An yaba shi ƙwarai a ƙasashen waje, amma bai taɓa kai wa yawancin makarantun ƙasar ba, kuma zuwa ƙarshen shekarun 1970 ya tsaya, kayansa suka zama harsashin talabijin na ƙasa. Na farkon ya sa mutane magana da kayan aiki masu araha. Na biyun ya yi musu magana daga nesa da kayan aiki masu tsada. A ganina duk mai son yin fodkas don ajin kimiyya ya fara da tambayar kansa wanne daga cikinsu zai gada.

Akwai dabara ɗaya da ta cancanci aro daga nesa. A ƙasar Nikaraguwa, daga 1974, an koyar da lissafi ta rediyo da hannun masana daga jami'ar Stanford. Abin da ya bambanta shirin shi ne shiru: mai magana zai yi tambaya, ya dakata, yara su amsa da baki ko su rubuta, sannan ya ba da amsa. Shirun nan shi ya hana darasin zama huɗuba. Rediyo sai ya ƙiyasta tsawon shirun, shi kuwa malamin da ke riƙe da salula yana iya tsayar da shirin har sai gardamar aji ta lafa.

To, me za a ɗauka? A nan ne Keita ta fi wurare da yawa arziki. Bayan farin da ya ci ƙasar a farkon shekarun 1980, an fara aikin da kowa ke kira Furoje Keita a 1984, da kuɗin Italiya, da jagorancin hukumar FAO, hukumar PAM kuma tana biyan ma'aikata da abinci. Wani Ba'italiye mai suna Renato Carucci ya daɗe yana jan ragamar aikin. Daga baya aikin ya faɗaɗa zuwa Buza da Abalak. Cikin shekaru kamar 20 an farfaɗo da ƙasa fiye da hekta 30,000, an dasa itatuwa wajen miliyan 18, an yi madatsun ruwa da rijiyoyi da hanyoyin karkara. Da yake maza sun tafi neman kuɗi, mata ne suka yi mafi yawan aikin ƙarfin. Su suka ɗauko duwatsu a ka, su suka jera, su suka haƙa ramuka a gangaren da diga ke tartsatsi in ta sauka. Wadda take da shekara 25 a 1984 yanzu ta haura 60. Suna nan a ƙauyuka, kakannin 'yan kwalejin yau ne, kuma a cikin kansu akwai ilimin zaizayar ƙasa da babu shi a littafin aji, sai dai ba da sunayen da littafi ke kiransa ba.

A ce yara uku 'yan aji na biyu a kwaleji, malaminsu ya ara musu salula, suka je gidan irin wannan tsohuwa da la'asar. Bayan gaisuwa yarinyar cikinsu ta ce, "Inna, Allah shi ba ki yawan rai, malaminmu ne ya aiko mu. Lokacin da kuka jera duwatsun can na bayan gari, wa ya nuna muku inda za a bi da su?" Daga wannan tambaya ɗaya darasi zai ɓalle. Za ta gaya musu cewa ba a jera dutse yadda aka ga dama, ana bin layin da aka auna ne, wanda ke gicciye gangare ba ya hawa ba ya sauka. Za ta gaya musu abin da ke faruwa in layi ya karkace: ruwa ya taru a gefe guda ya fasa. Za ta iya tuna abin da ya fara tsirowa a bayan duwatsun, da shekara nawa aka yi kafin fako ya karɓi shuka. In suka yi sa'a za ta yi musu waƙar da suke yi a wurin aiki, ita ce kuma za ta buɗe shirin.

Aikin malami yana farawa ne in sun dawo. Shi zai sa su gano dalilin da ke ƙarƙashin abin da Inna ta gani. Milimita ɗaya na ruwan sama lita ɗaya ce a kan murabba'in mita ɗaya. A kan hekta guda lita 10,000 ke nan, wato tano 50 na lita 200. Ruwan dare ɗaya mai milimita 20 tano 1,000 ne a kan kowace hekta. A kan fako, inda fuskar ƙasa ta daskare, mafi yawansa ba ya shiga, gudu yake yi. In kuma gudun ruwa ya ninka biyu, ƙarfin da yake ɗauke da shi ninkawa huɗu yake yi, shi ya sa ruwan da ya fara a hankali a kan tudu yake isa kwari yana cin gona. Jerin dutse ba ya tare ruwa gaba ɗaya, rage masa gudu yake yi, ya sauke ƙasa da taki da irin ciyawar da ya ɗauko, ya sami lokacin nutsewa. Ramukan da aka haƙa a gangare kuwa, masu tsawon kamar mita 3 da faɗi da zurfin santimita 60, kowanne yana riƙe abin da ya ɗan haura lita 1,000, a tsakiyarsa aka dasa itace. Yaron da ya yi wannan lissafi da hannunsa, sannan aka ce ya bayyana shi da baki cikin minti biyu yadda ƙanwarsa za ta gane, ya wuce matsayin hadda.

Wannan shi ne abin da nake ganin ya fi kome muhimmanci a sha'anin: mai yin shirin ya fi mai sauraro ƙaruwa. Malami na iya zama shi kaɗai da dare ya karanta darasinsa a salula ya rarraba wa yara, kuma hakan na da amfani ga mai bita kafin jarrabawa, ko yarinyar da aikin gida ya sa ta rasa aji. An ga bukatar irin wannan a 2020, lokacin da annobar korona ta sa aka rufe makarantu tun daga watan Maris. Amma wannan allo ne aka mayar murya. Ɗalibi na iya kwafe jimla daga allo bai gane ta ba, har ya rubuta ta daidai ranar jarrabawa. Abin da ba ya iyawa shi ne ya tsaya gaban salula ya faɗe ta da Hausa, da kalmominsa, in bai gane ba. Nan take muryarsa za ta tona shi, abokansa su yi dariya, a sake ɗauka. Sake ɗaukar nan, sau uku sau huɗu, a nan karatun yake.

Buza na da nata darasin. A kwarin Majiya, tun 1975, ƙungiyar CARE da ma'aikatan gandun daji suka fara dasa bedi layi bibbiyu, tsakanin kowane jeri da na gaba mita 100, don karya iskar da ke kwashe ƙasa tana binne shuka. Ɗalibi na iya tsayawa a fili ya ɗauki kukan iska, ya koma bayan itatuwan ya sake ɗauka, mai sauraro ya ji bambancin da kunnensa kafin a yi masa bayani. Sai a tambayi mai gonar da ke gindin bedin, wanda inuwa da saiwa ke rage wa amfani, a tambayi na tsakiya wanda ya ci riba. Ba za su faɗi abu ɗaya ba, kuma shirin da ya bar su suka saɓa ya fi wanda ya goge saɓanin gaskiya. A Madawa kuwa, a kwarin Tarka, mai albasa zai bayyana dalilin da ya sa ake ɗaga rudu, wato rumbun ajiye albasa, daga ƙasa a bar iska na ratsa shi, da dalilin daina ban ruwa kafin a cire albasar da za a ajiye. Darasin danshi da ruɓewa ke nan. Gawo da ke zubar da ganye da damina lokacin da sauran itatuwa ke tohowa, da geron da ke yin kyau a ƙarƙashinsa, shi ma shiri guda ne. Haka randa: ruwan da ke tsattsafowa ta jikin yumɓu yana ƙafewa ya tafi da zafi, dabarar da wani malami a Jigawa, Muhammad Bah Abba, ya gina a kai ya sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan miya, har ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000.

Wasu darussan ma kamar don kunne aka yi su. Sauti na tafiyar kamar mita 340 a daƙiƙa, haske kuwa nan take yake isowa. In aka ga walƙiya aka ƙirga daƙiƙa uku kafin a ji tsawa, nisanta kilomita ɗaya ne. Tsakuwar da aka saki a bakin rijiya, in ta yi daƙiƙa biyu kafin a ji faɗuwarta, zurfin ya kusa mita 20. A ɗauki sautin, a sa wa aji, kowa ya ƙirga, a yi gardama, sannan a je a auna igiyar guga.

Sai dai kunne na da iyaka, kuma masu zumuɗin sabon abu ba su cika son a faɗi haka ba. Ba a koyon zanen da'irar lantarki da ji. Ba a daidaita lissafin haɗuwar sinadarai da ji, ba a gane siffar ƙwayar halitta da ji. Wanda ya yi ƙoƙarin karanta doguwar ƙa'idar lissafi a cikin shiri, kafin ya kai ƙarshe mai sauraro ya manta farko. Irin waɗannan allo suke so, da takarda, da hannu. Fodkas kuma ba ya maye gurbin ɗakin gwaji, kuma zai zama abin takaici in wani mai rabon kasafi ya fake da shi ya ce an wadatar. Abin da murya ta iya shi ne labari, da dalili, da gardama, da tambayar da ke sa yaro ya tashi ya je ya duba. Shirin da ya yi kyau yakan ƙare da aiki: ka cika gwangwani biyu da ƙasa, ɗaya ta fako ɗaya ta gindin gawo, ka huda gindinsu, ka zuba ruwa daidai wa daida, ka zo mana da abin da ka gani.

Maganar harshe ba ta da sauƙi. Tun 1973 Nijar ke gwada koyarwa da harsunan gida, an fara da Hausa a Damagaram, kuma a 2025 kundin da hukumomi suka zartar ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Amma ɗan kwaleji da Faransanci yake karanta kimiyyarsa, da shi kuma zai amsa tambaya. Shirin da aka yi da Hausa zalla zai sa ya gane, ya kuma bar shi ba kalmar da zai rubuta. Hanyar da ta fi dacewa ita ce a yi bayanin duka da Hausa, Hausar Adar ɗin da yaran ke yi ba ta Kano ba, in an zo kan muhimmiyar kalma a faɗe ta da Faransanci sau biyu a sarari, a ci gaba. Kalma uku ko huɗu sun isa shiri guda. Kada kuma a manta Keita ba ta Hausawa kaɗai ba ce. Akwai masu Tamajak da Fulatanci, kuma makiyayi ya san abin da ya shafi ciyawa da cutar dabba da manomi bai sani ba. Studio Kalangou da ke Yamai, tun 2016, yana shirye-shiryensa da harsuna biyar yana rarraba wa gidajen rediyo, wannan ya nuna abin mai yiwuwa ne.

Akwai kuma wani nauyi da ke kan malami shi kaɗai. Tsohuwa za ta faɗi abin da ta gani, kuma a nan ba a ja da ita. Za ta kuma iya faɗin dalilin da ba haka yake ba, ko maganin da zai cutar. Ba a gyara wa tsohuwa magana a tsakar gidanta, ba a kuma sa jikanta ya ƙaryata ta a faifan da gari duka zai ji. Abin yi shi ne a ɗauki abin da ido ya shaida, a bar sauran, ko a mayar da shi tambayar da za a gwada. Duk abin da ya shafi lafiya a kai wa ma'aikacin asibiti ya saurara kafin ya fita. Saƙon murya in ya shiga WhatsApp ya zama kibiyar da ta bar baka, kuskuren da ke ciki zai kai Agadas da Abijan da sunan makarantar. Saboda wannan dalili ne ma ake neman izinin duk wanda aka ɗauka, a kuma nemi na iyaye kafin muryar yarinya ta fita daga aji.

Kayan aikin ba su da yawa. Salula, wuri marar iska, da haƙuri. Ɗakin ƙasa mai tabarma da buhunan hatsi ya fi ajin siminti mai rufin kwano, inda murya ke amsa-kuwwa. A riƙe salular kamar taƙi ɗaya daga baki, in a waje ne a sa mata safa ko ƙyalle saboda iska. In akwai kwamfuta a makarantar, manhajar Audacity kyauta ce, da ita ake yankewa a haɗa. In babu, a tsara magana a takarda a ɗauka a jere. Minti 7 zuwa 10 ya isa. Wahalar ta fi yawa wajen sauraro, don salular gida ta uba ce ko ta wa, kuma yarinya ce ta ƙarshe da za a ba. Shi ya sa ya kamata a fara saurare a aji, gaba ɗaya, da ƙaramar rediyon nan mai cin memori da ake caji da hasken rana. Bayan haka a kai wa rediyon al'umma. Tun da aka buɗe na farko a Bankilare a 1999 irin waɗannan gidaje sun bazu a ƙasar, kullum kuma suna neman abin da za su cika lokaci da shi, uwa kuma ba za ta kashe rediyo ba in ɗiyarta ce ke magana.

Kalandar makaranta ma sai an yi dabara da ita. Ana shiga a Oktoba a fita a Yuni, ruwa kuwa a Yuli da Agusta yake zuba, lokacin da yara ke gona. Duk abin da ya fi daɗin ɗauka, tsawa, rurin ƙorama in ta kawo, ruwan da ke kwance a bayan madatsa, kukan kwaɗi, tsiron farko a cikin tassa, wato ƙananan ramukan shuka masu tara ruwa, a lokacin hutu yake faruwa. Don haka a raba aikin tun watan Mayu: kowane rukuni da abin da zai ɗauka, da ranar da zai rubuta a takarda, da gwangwanin auna ruwan sama mai miƙaƙƙen jiki da za a kafa a fili nesa da itace. A ja musu kunne sosai cewa daga kan gaɓa ake ɗaukar ƙorama, nesa da bakin da ke zaftarewa, don ruwan Adar yakan iso daga tudu ko da ba a yi ɗigo ba a inda mutum yake tsaye. In aka dawo a Oktoba, makon farko na sauraron abin da aka tara ne da zaɓen wanda zai shiga shiri.